Aski Biyu a Kan Inji Ɗaya

Tun da ka ce abin da ke hannunka ya isa amma bai kai na wane ba, gyara zama ka ji misali.

An yi wani direba mai 'yar ƙaramar mota, yana jigilar mata 'yan kasuwa daga ƙauyensu zuwa kasuwar bayan dutse. A miƙaƙƙiyar hanya motar ba ta da laifi, amma akwai wani hawa a tsakani wanda da ta iso gindinsa sai ta kama tari kamar tsohon mashayin taba. Masu ƙara wa zance gishiri sun ce wata kaza ta taɓa shiga ƙarƙashinta a hawan nan ta yi ƙwai, kafin motar ta gota har ta ƙyanƙyashe. Kazar dai ba a samu shaidarta ba, amma kowa ya ga fasinja suna sauka su hau da ƙafa, shi kuma yana jiransu a sama, kai a sunkuye. A cikinsu akwai wata tsohuwa mai daddawa wadda kujerar gaba tata ce, inda ta sa ƙafa kuma nan sauran matan ke sawa. Ran nan ta iso sama tana haki, ta ce, "Ɗan nan, ina sonka, amma gwiwata ta fi ka kusa da ni. In na sake taka dutsen nan, bas zan koma." Ya san in ta tafi duk sun tafi, tukunyar gidansa kuma ta sauka daga murhu.

Sai ya kai motar wurin wani bakanike, taubashinsa. Babban inji ba zai shiga cikinta ba, na'urar nan mai ɗura wa inji iska da ƙarfi kuma ba su da ita, dole ƙarfin ya fito daga abin da injin ya shaƙa da hancinsa. Suka sauke shi suka baje a kan buhu. Suka sa sababbin fistin da zobba, suka goge hanyoyin iska har suka yi santsi kamar cikin ƙwarya, suka ɗaura salansa mai faɗin maƙogwaro. Daga ƙarshe aka yi wa murfin da ke kan injin aski, wato aka kankare ƙasansa ɗan kaɗan, bai kai kaurin farce ba, don ɗakin da mai ke ƙonewa ya matse, bugun ya ƙara nauyi. Ran kasuwa mota ta haye dutse da mata da kwandunansu, ba wadda ta sauka. Tsohuwa ta sa masa albarka, ta damƙa masa ƙullin daddawa.

Da a nan aka tsaya, da ba ka ji labarinsa a bakina ba. Kasuwa ta gaba, a tsakiyar hawa, bas ta zo ta wuce shi, direbanta ya zuro hannu ta taga yana kaɗa masa igiya, tsokanar nan ta direbobi, wai ko a ja ka? Mata suka yi dariya suka manta. Shi kam igiyar nan ta bi shi har gida, ta zauna da shi a kan tabarma. Ya ce a ransa, in aski ɗaya ya hau da ni dutse, ai biyu sai na bar bas a baya. Taubashi ya ji, ya ce, "Bawana, wannan kan ba irin naka ba ne da wanzami ke askewa ya sake tsirowa. Yanzu haka fistin da ke bugowa daga ƙasa da bawul da ke jikin murfin daga nesa suke gaisawa, kada ka haɗa su musabaha." Direba ya ce tsoro ne kawai irin na taubasai. Ya kwance murfin da kansa, ya kai wa wani a birni wanda ba ya tambaya, aka ƙara kankarewa.

Ran kasuwa, tun daga gindin dutse injin ya soma wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ya ji sarai, amma ga bas a gabansa. Ya danna totur, ya kamo ta, ya jera da ita, hancin motarsa ya gota nata da kamu guda, ya juya zai saki murmushin da ya daɗe yana tanadi. Nan fistin da bawul suka yi musabahar. Ƙara ɗaya, sai hayaƙi, sai baƙin mai yana bin gangare. Tsohuwa ta sauko ta ɗora kwandonta, ba faɗa ba zagi, ta ce, "Ɗan nan, mu sama muka ce ka kai mu. Wa ya ce ka riga wani?" Ta taka ragowar hawan da gwiwar nan tata, ta shiga bas da ke jira a sama, mata suka bi ta. Direban bas, da yake ba mugu ba ne, ya dawo bayan la'asar ya ja shi gida, da igiyar nan dai.

In ka bi ta wurin 'yan gwangwan za ka gan shi tsugune cikin tsofaffin murafan inji, yana auna kaurinsu da yatsa, yana neman mai kauri irin wanda ya raina. An ce tsohuwa ta aika masa kada ya ba kowa kujerar gaba, Allah ya sa ya samu murfin kafin ta saba da bas. Ka ga abin da Hausawa ke nufi da suka ce garin neman ƙiba an samo rama.