Fure Biyu a Taron Dnipro

"Goggo, fure biyu? Ai mamaci ake kai wa biyu!" in ji mai gadin zauren taro yana dariya.

"Na sani, ɗana," in ji Halyna.

Yau ta fara shiga taron masu ƙera tauraron ɗan'adam a birnin Dnipro. Ɗanta Ostap ya mutu a yaƙi, ba gawa, ba kabari. Amma an ce tauraron da ya haɗa da hannunsa yana nan.

Ta same shi bisa tebur, ta ajiye furen, ta sumbaci tauraron.

Wata abokiyar aikin Ostap ta riƙo hannunta. "Mama, wannan na roba ne, na nuni. Nasa an harba shi sararin samaniya tun bara."

Halyna ta ɗauki furenta ta fito. Ta ɗaga kai sama, ta rasa inda za ta ajiye.