Hoton Makitsiya a Bangon Ɗakin Taro

Ka ce ranka ya ɓaci don an buga hotunan 'yan kwamiti ba a sa naka ba. To, ɗana, gyara zama in ba ka wani misali.

A wani gari, da aka daɗe da samun 'yanci, waɗanda suka yi gwagwarmayar neman 'yancin suka fara ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, sai mutanen garin suka yanke shawarar a zana jagororinsu a bangon ɗakin taro kafin ranar bikin tunawa da 'yancin. Aka kira wani mai zane aka ba shi tsofaffin hotuna. Ga na malamin makaranta da ya riƙa karanta wa jama'a jarida a bakin kasuwa, ga na tela cikin babbar rigarsa, ga na wasu. Ya zana su tsaf, kowa ya yaba. Saura mutum ɗaya, wata makitsiya. A tsakar gidanta mata ke taruwa da sunan kitso, alhali saƙon gwagwarmayar ake rabawa, kuma ita ce ta shige gaba ranar da mata suka yi tattaki zuwa ofishin 'yan mulkin mallaka. Sai dai har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa tsayawa gaban mai ɗaukar hoto ba, kullum cewa take aiki ya yi mata yawa. Wasu manya suka ce a shafe gurbinta da farar ƙasa, tunda babu abin dubawa. Abin bai kwanta wa mai zane ba. Ya zano wata mace daga kansa, doguwa, fara, mai dogon wuya. Tsofaffin matan unguwa suka leƙo, suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ɗaya ta ce, "Kai yaro, amaryar wa ka kawo mana?" Kunya ta kama shi, ya goge.

Sai ya ajiye buroshi ya shiga gari yana tambaya. Wani tsohon mahauci ya ce masa gajera ce, kakkaura, baƙa, mai wushirya, kuma ba zai manta wushiryar ba, don dariya take yi wa 'yan sanda a ƙofar gida alhali shi yana ɓoye cikin rumbunta. Wata ungozoma ta kama hannun mai zane ta ɗora a kan girarta ta hagu, ta ce nan tabon yake. Ita ungozomar ɗan sanda ya nufa da kulki ranar tattaki, tana ɗauke da tsohon ciki, makitsiya ta tare da goshinta. Wani direba da ya sha ɗauri ya ce shi idanunta ya sani, manya, masu ɗan ja, domin su kaɗai yake gani ta tagar kurkuku in ta kawo musu fura. Wata dillaliya ta cire ɗankwalinta ta ɗaura a karkace, ta ce haka marigayiya ke yi, a gurguje, kunne ɗaya a waje. A kan hanci kuwa sai da aka yi gardama. Tsofaffi suka kawo tabarmi suka zauna gindin bangon, wannan ta ce a faɗaɗa, waccan ta ce ya isa haka, mai zane yana gyarawa suna ba shi goro, har aka daidaita.

Ranar biki da hantsi aka yaye ƙyallen da ya rufe bangon. Ƙanwar makitsiya, wadda tsufa ya ranƙwafar, ta dogara sandarta ta matsa kusa, ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Yaya, ashe kina nan? Har yau ba ki koyi ɗaurin ɗankwali ba!" Sai dariya ta ɓarke, guɗa ta tashi, masu kalangu suka saki kiɗa. Ungozoma ta jawo ɗanta, wanda furfura ta riga ta fito masa, ta nuna masa tabon tana hawaye tana murmushi. Mahauci ya cire hula ya shiga fili yana taka rawa, jikokinsa na tafa masa. Har la'asar mutane ba su watse daga gaban hoton ba, kowa da nasa labarin.

Ka ga matar da ba ta bar hoto ko ɗaya ba, gari guda ya ajiye mata fuskarta. Shi ya sa Hausawa suka ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.