Lambobin Mushe Reber

A faifan wani mai gwanjo Issa ya ga lambar azurfa ta farko, ranar kasuwar Baleyara, tsakanin kwaɗo marar makulli da zobban tagulla. Ta yi baƙi ƙirin. Da ya goga ta da bakin rigarsa sai ga hoton mace tsaye riƙe da garkuwa, bindigogi biyu gicciye a ƙarƙashinta, da rubutu: Fribourg 1881. Bai yi ciniki ba. Ya biya, ya koma Filinge ba tare da ragon da ya je saye ba.

Ya san ta. Shekara arba'in da suka wuce, shi ne mai tuƙa motar Mushe Reber, wani nasara ɗan ƙasar Suwis da ya zo haƙa rijiyoyi a ƙasar Kurfai bayan babban fari. Nasaran yana da gwangwanin biskit cike da lambobin azurfa, waɗanda kakanninsa suka ciyo a gasar harbi ta ƙasarsu. Duk Lahadi sai ya zube su a tebur ya goge da lemun tsami, yana faɗa wa Issa sunan kowane gari da shekararsa.

Wata Talata aka wayi gari babu gwangwanin. Babu kuma Nafi'u, ƙanen Issa, mai dafa wa nasaran abinci. Jandarmomi ba su wahalar da kansu ba, suka rubuta cewa ɓarawo ya gudu Abijan. Reber ya koma gida da damina. Matar Nafi'u tana da ciki a lokacin, kuma Issa ne ya riƙe ɗiyar da ta haifa, Ruƙayyatu. Ya sa ta lakwal, makarantar boko, har ta zama malama. Bai taɓa bari an zagi ubanta a gabansa ba.

Mako biyu bayan ta farko, mai gwanjon ya aje masa wata. Sai ta uku. Issa ya sayar da awaki, ya taɓa rumbun hatsi tun kaka ba ta yi nisa ba. A majalisa aka fara yi masa dariya, wai tsoho ya koma tara kayan nasara. Shi dai duk wadda ya samu sai ya ƙulle ta a tsumma, ya tura ƙasan akwati, ya ɗora tabarma a kai.

Bai sake goge ko ɗaya ba. Wani maƙerin azurfa da ya taɓa riƙe ta huɗu ya shinshina ta, ya ce wannan baƙin ba na ajiyar ɗaki ba ne. Issa ya karɓe abarsa ya fita. Tun daga ranar ɗakinsa yake masa warin laka, ko da rana tsaka, ko an share an yi turare. Ya rage cin abinci. A masallaci yakan manta raka'ar da yake ciki.

Ruƙayyatu ce ta buɗe akwatin tana neman masa riga. Ta zauna daɓas a ƙasa da lambobi takwas a cinyarta. Labarinsu ta sha ji a bakin yara tun tana 'yar lakwal.

"Baba, in waɗanga sun dawo, ashe shi ma ya dawo. Ubana na da rai."

"Bari wagga magana, ɗiyata."

"Ba ni bari. Shekara arba'in ana ce min ɗiyar ɓarawo. Ko gahwara ce sai in ji ta a bakinai."

Ba ta jira yardarsa ba. Ta je wurin mai gwanjo, shi ya tura ta wurin wani mai amalanke, mai amalanke ya ambaci wani ƙauye a ƙasar Imanan, gabas da Bankuku. Ranar Asabar ta ɗauki hayar mota. Ta sa sabon zane, ta ƙulla goro a gefen gyale don gaisuwa. Issa ya shiga gaba. Inda hanya ta rabu biyu, mai motar ya tsaya zai yi tambaya, sai Issa ya nuna masa hagu.

A bayan gari suka tarar da maza biyar kewaye da bakin wata rijiya, suna jan guga cike da laka. Babbansu, Mamman, ya goge hannu ya gaishe su.

"Tsohuwar rijiyar nasara ce, Alhaji. Tun kahin a ƙare ta ta ƙahe, anka bar ta, ƙasa ta cike ta. Bana mutanen gari sunka ce mu yashe ta. Cikin laka munka ishe azurhwan, da wani ruɓaɓɓen gwangwani."

"Ba wani mutum ne ya ba ku su ba?" in ji Ruƙayyatu. Muryarta ta yi ƙasa.

"Babu kowa, Malama. Takwas munka samu. In da saura, gobe mu gani. Zurhin gaba guda ya rage mu kai gindi."

Ta juya ta dubi Issa, idonta cike da hawaye, tana so ya gaya mata dalilin da zai sa mutum ya saci abu ya jefa a rijiya ya gudu. Issa bai dube ta ba. Ya matsa bakin rijiyar ya leƙa, sanyin ƙasa ya buso masa a fuska.

Akwai saura. Ta tara tana can ƙasa, a cikin tafin hannun Nafi'u, wanda ya fizge ta yana rantsuwa sai ya nuna wa Mushe, ranar da ya biyo sawun yayansa ya kama shi da gwangwanin a bakin wannan rijiya, kafin Issa ya tura shi ciki.