Tsagar da Aka Rufe da Fenti

Mutum ya yi shiru ya tsira da sunansa, wa zai mutu a madadinsa? Sibiri mai walda a Wagadugu bai sani ba.

Wata mata ta sauko daga babur, ta dire masa keke mai naɗewa da ya rabu biyu. "Baba, keken nan ya karye da mijina, yana asibiti. Wa ya liƙe wannan tsagar ya rufe da fenti?"

Aikinsa ne. Tun ranar ya san alminiyam ɗin ba zai riƙe ba.

"Ni boka ne, 'yata? Ban sani ba."

"Ka taimaka! Dillalin da ya sayar mana ya ce kekuna biyu aka liƙe. Ɗayan wata mai ciki ta saya, Talato mai burodi a unguwar Tangin."

Talato 'yarsa ce.

"Ni ne," ya ce. "Tayar da babur ɗinki, mu je Tangin."