Ranar da Na Tsere wa Dorina

Duk faɗin Bagudo ba a haifi yaro mai ƙarfin zuciyata ba. Kowa ya sani, don ni na faɗa musu. Shi ya sa Kawu Manu, mai gadin gandun daji a tsallaken iyakar ƙasar Binin, ya yarda in raka shi bakin kogi. Kwana uku yana fakon garken gauraki, kuma shugabansa ya ce in bai kawo hotonsu ranar ba, a mai da shi gadin ƙofa.

Muka kwanta cikin ciyawa, laka tana warin ruɓaɓɓen kifi.

"Kak ka motsa, ko kunama ta hau ka," in ji Kawu.

Can sai na ji gurnani mai kauri gab da mu. Dorina! Har na hango ana yi wa Inna ta'aziyyata. Gurnanin ya matso. Na zabura ina ihu, na bar wa laka takalmina. Sai ga gauraki sun tashi fir, ashe masu gurnanin ke nan.

Kawu ya sauke kyamara, ya bi su da kallo.

"Sannu, ɗan Inna. Ga dorinarka can ta yi fiffike."