Gorar Inna a Garejin Baba

Baba direban babbar mota ne a hanyar Tanut zuwa Damagaram, kuma garejinsa ɗakin ƙasa ne a bayan gidanmu. Da Inna ta rasu, can ya rataye gorar da take kaɗa nono a ciki, ya ce mini, "Taki ce, Hadiza. Ba mai taɓa ta har ki girma." A lokacin ina da shekara takwas. Kullum nakan taka gangar mai in shinshina bakin gorar, don ƙamshin man shanun Inna bai bar ta ba.

Wata rana da la'asar, gab da damina, ya kira ni mu kintsa garejin. Tayoyi muka jingina a kusurwa, ƙusoshi muka zuba a gwangwani, igiyoyi muka naɗe muka rataye. Da ya zo juye man mota daga ganga, ya nemi mazurari ƙasa da sama bai gani ba. Sai ya ɗaga kai.

"Miƙo mini gorar can."

Da hannuna na sauko da ita, ina murna, na zaci ya ga na girma. Ya zaro wuƙa ya yanke gindinta, ya zura wuyan a bakin galan.

"Baba, ka ce tawa ce."

"Duma ne fa. In kaka ta yi, na yanko miki goma."

Da dare na tsinci gindin na shinshina, sai warin mai. Ya cika alkawarin goman. Har yau ban yafe masa ɗayar ba.