Ruwan Shibka a Talabijin

Shekarar da ruwa ya ƙi sauka, wata la'asar muna cunkushe a shagon mai talabijin a Isa, muna kallon katun. Wasu korayen halittu na wata duniya sun ƙera injin ruwan sama, ya ƙi tsayawa, suna ta zamewa suna faɗuwa.

Baba ya biyo kirana daga gona, inda geron da ya binne ya yi wata a busasshiyar ƙasa. Ya tsaya bakin ƙofa yana kallo.

"Wanga ruwa ya isa shibka," ya ce a hankali.

Yara suka fashe da dariya, har da ni. Geron nan bai tsiro ba. Har yau ina jin dariyar tawa, kuma Baba ba ya raye balle in ba shi haƙuri.